Jakar Fassuma ta Ranar Lahadi

Libreville, unguwar London
Ranar Juma'a, da hantsi

Zuwa ga ɗana Isufu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rakiya da jikata, amaryata Fassuma. Allah ya tsare ku a waɗannan kwanaki, ya kawar da idon mai nufin ku da sharri.

Yau na tashi da ɗan sauƙi. Tarin ya ragu, amma ƙafafun sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, don haka yau ma ba zan sami masallaci ba. Numfashina ba ya kai ni ƙarshen doguwar magana. In na fara sai in tsaya a tsakiya, mai saurare ya ɗauka na gama. Amma hannun bai ƙi rubutu ba. Ka aiko cewa za ka biyo ta nan in an sauko daga Juma'a. In ka zo zan miƙa maka wannan takarda ka karanta a gabana, ni kuma in yi shiru. Na san Faransanci ya fi maka sauƙi, ni ma shi aka koya mini a lakwal, wato makarantar boko, Hausar da kaina na koyi rubuta ta da baƙaƙensu. Amma wannan magana ba zan iya yin ta da Faransanci ba. Ka bi ta a hankali.

Jiya Haruna mai taksi ya kawo mini magani, ya zauna muka ɗan taɓa hira. Ya gaya mini abu biyu. Na farko, jibi Lahadi za ka kai Fassuma filin wasan yara na bakin teku, wanda take kira manej, kafin jirgin ruwanku ya tashi. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Na biyu, ya ce tun da ka rufe rumfarka ta kasuwar Mont-Bouët akwai sauran agogo da tabarau da ba su fita ba, kuma ka ari babbar jaka wurin maƙwabcinka don ka tafi da su, wai ranar Lahadi filin cike yake da mutane. Haruna ya faɗe shi ne kamar yabo, ya ce ɗan Alhaji bai bar gida ba. Bayan ya fita na daɗe zaune ina kallon bango.

Ban ga laifinka ba. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa kowa yake neman inda zai dafa. Kuɗin sabunta katin zama ya fi ƙarfinka, wa'adin da aka ba baƙi marasa kati su bar ƙasar yana ƙaratowa, za ka kwashi iyali zuwa ƙasar da ba ka taɓa kwana cikinta ba, kuma ba ka son ka sauka hannu wofi. Duk na sani. Amma ina roƙon ka, kada ka sa ko agogo ɗaya a cikin jakar nan. Zan gaya maka dalili, ko da yake ka riga ni sani.

Lokacin kana aji na biyu ko na uku, shekarun da gari ya cika da kuɗin mai, an kafa irin wannan fili a bakin teku. 'Yan ajinku duk sun je, kai da yayarka kuka dame ni har na ce to, Lahadin bayan Babbar Salla. Innarku, Allah ya jiƙanta, ta haɗa muku jaka tun da asuba. Har yanzu ina ganin ta durƙushe a kan tabarma tana jerawa. Ta sa soyayyen naman layya a ƙaramin kwano mai murfi, da fanke, da dafaffen ƙwai. Ta cika gora biyu da ruwan da ta tafasa. Ta naɗe zanenta mai kauri ta sa, ta ce ko don zama ko don ruwan sama. Ta sa muku rigunan canji, da ƙaramar buta, da hularka. Jakar ta cika har zif ya ƙi rufuwa sai da ta danna da gwiwa.

Ni kuwa na tsaya a kanta ina tuna maigidana na farko, wanda ya kawo ni garin nan daga ƙasar Tawa ya koya mini kasuwa. Abin da ya dasa mini shi ne ɗan kasuwa ba ya shiga taro ba haja a hannu, ko taron biki ne ko na jana'iza, aƙalla ya riƙe goro. Haka muka tashi, dukanmu 'yan ci-rani. Ba mu zo ƙasar nan don kallo ba. Wanda aka gani yana yawo hannu sake a ranar taro, da yamma a rumfa za a yi masa dariya. Da innarku ta shiga ta yi muku wanka, sai na buɗe jakar. Na fitar da kwanon nama da fanke da ƙwai, na ce a can ma ana sayar da abinci. Na fitar da gora ɗaya. Na fitar da rigunan canji da buta. A gurbinsu na zuba madubai, da tocila, da batir, da matsefai, da tabarau irin na 'yan gayu. Gora ɗaya da zanen kaɗai na bari, don na ga zanen zai yi shimfiɗa. Da ta fito ta ga kwanon a ƙasa, ta dube ni. Ta ɗauki ƙwai biyu ta sa a aljihun yayarka.

Ka bar Rakiya ta haɗa jakar, kuma in ta rufe kada ka buɗe. Uwa ta san abin da yaro zai nema kafin yaron ya sani. Duk abin da ta sa, ko ka ga ya yi nauyi, ka ɗauka. Kai ne mai ɗauka, aikinka ke nan ranar.

Muka isa filin da hantsi. Kiɗa yana tashi, dawakan katako suna juyawa, ga wani babban lilo da yake kai mutane sama har su hango jiragen ruwa. Kai ka manne da wayar shinge kana kallon ƙananan motocin nan masu karo da juna. Ka zaɓi wata ja, ka ce taka ce, kada kowa ya hau. Kuɗin shiga yana aljihuna, Isufu. Ina so ka san wannan, don na daɗe ina bari ka ɗauka babu. Yana nan a aljihun ƙirji. Amma da na ga layin mutane a ƙofa, rana tana dukan idonsu, sai na ce muku bari in sayar da tabarau biyu tukuna mu sami na tiken shiga. Na shimfiɗa zanen innarku a gindin wani icen kwakwa, na baje kaya.

Biyu suka fita kafin in gama jerawa. Sai huɗu. Na ba yayarka madubi ta riƙe wa masu gwadawa. Kai kuma na sa ka kira masu saye, don Faransancinka ya fi nawa daɗin ji, mutane suna tsayawa su yi dariya su saya. Duk lokacin da ka juyo ka tambaye ni ko yanzu, sai in ce saura kaɗan. Azahar ta yi, ban yi salla ba don ba buta, kuma ban yarda in bar shimfiɗar ba. Ruwan gora ɗaya ya ƙare tun kafin rana ta take. Abincin da na ce ana sayarwa, da na je na duba, nama ne da ban san yankansa ba, sai na dawo muku da burodi busasshe. Shi da ƙwan nan biyu na aljihun yayarka su ne abincinku na yini.

Ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, gora biyu ko uku, wanda aka tafasa a gida. Yaro in yana murna ba ya jin ƙishi sai ya galabaita, don haka kada ka jira ta nema, ka riƙa miƙa mata. Abinci ma daga gida. Ba don tsada kaɗai ba. Ba ka san abin da aka soya cikin man ba, kuma ba ka son ta shiga jirgin ruwa da ciwon ciki. Rakiya ta iya dambun nama, ba ya lalacewa da wuri. Ku haɗa da soyayyar ayaba, Fassuma tana so. Ka sa buta da ƙaramar darduma. In lokaci ya yi ka sami inuwa ka yi sallarka, ba wanda zai hana ka, kuma yarinya ta ga ubanta yana salla a wurin wasa, ta san ba a barin ɗaya don ɗaya.

Wajen la'asar hadari ya taso daga teku. Ka san ruwan garin nan, ba ya sallama. Mutane suka watse, masu filin suka kashe injuna suka lulluɓe motocin da tamfol. Ni kuwa na tattara kaya cikin sauri, na ga jakar ba za ta hana ruwa ba, batir da tocila za su lalace. Sai na ɗauki zanen innarku, wanda ta sa don ku, na naɗe jakar da shi, na rungume ta a ƙirji na sunkuya a kanta. Ku biyun kuna tsaye a gefena, ruwa yana zuba a kanku. Yayarka ta cire ɗankwalinta ta ɗora maka. Ba ka yi kuka ba. Kana ta kallon inda aka rufe jar motar.

Ba rigar canji, don na bar ta a gida. Taksi uku suka ƙi ɗaukar mu saboda mun jiƙe. Da muka iso haƙoranka suna kaɗawa. Innarku ta karɓe ku ta tuɓe muku ta shafa muku man zafi, sannan ta zo ta kwance zanenta daga jikin jakar, ta ga kaya a bushe ƙarau. Ta ce da ni, a hankali don kada ku ji: "Malam, madubanka ba su jiƙe ba. Alhamdu lillahi." Tun da na aure ta har ta rasu ba ta taɓa gaya mini magana mai zafin wannan ba. Zazzaɓi ya kwantar da kai har ka rasa makaranta kwanaki.

Ka sa laima a jakar, da zane mai kauri, da rigar canji cikin leda, da ƙaramin tawul. Ka sa hula saboda rana, da maganin zazzaɓi na yara. Takalmin da za ta sa ya zama wanda ta saba da shi, ba sabo ba. Sabo zai ci mata ƙafa kafin azahar, ta ƙare yinin a kafaɗarka. In ruwa ya sauko ka san wanda za ka rufe.

Akwai wani abin da ban taɓa faɗa ba. Innarku ta so zuwa ranar. Ba ta roƙa ba, ta dai tambaya ko mata ma suna shiga. Na ce wurin ba na matan aure ba ne. Ta zauna shekaru masu yawa a garin nan, tsakanin ɗaki da famfo da asibiti, ba ta taɓa ganin lilon nan ba sai a bakinku, ku ma daga bayan waya kuka gan shi. Ka tafi da Rakiya. A ƙofar filin akwai masu ɗaukar hoto. Ranar wani ya bi mu yana roƙo, na kore shi don yana tare mini masu saye. Yau ba ni da hotonku kuna yara ko ɗaya. Ku tsaya a ɗauke ku, ku ukun. In an wanke biyu, ka bar mini ɗaya wurin Haruna.

Na yi muku alkawarin za mu koma Lahadi mai zuwa. Lahadin ta zo kana kwance. Ta gaba kaya suka iso daga Kwatano. Daga nan aka naɗe filin aka tafi da shi, da aka sake kafa wani kuma kun girma. Wannan bai kai abin da na yi daga baya muni ba. Na mayar da ranar labarin alfahari. Shekara da shekaru ina ba da shi a rumfa, yadda na sayar da tabarau kaf a yini ɗaya a ƙofar manej, ana dariya ana cewa Alhaji ba ya wasa. Ka tuna ranar da na ba da shi gaban baƙi daga Maraɗi, kana saurayi, kana zuba mana shayi? Ka ajiye butar shayin ka ce, "Baba, ni ma ina wurin ranar." Ka fita. Na ce wa baƙin yaran lakwal ba su da ladabi. Ban sake ba da labarin ba, amma ban kira ka na ce komai ba. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, cikakkiya, da durƙuso da komai, ba ka taɓa rage mini ko kaɗan ba. Amma ba ka sake zama ka yi hira da ni ba.

Yanzu maganar da ta fi wannan tsanani. A zamanina, wanda ya baje kaya a ƙofar fili, iyakarsa mai gadi ya kore shi. Yau ba haka ba ne. Masu kaki suna ko'ina, kuma ba sa buƙatar tambaya kafin su gane mu. Mutum da matarsa da 'yarsa riƙe da alawa, a cikin layi tare da kowa, ba ya jan ido. Mutum a tsugune gaban tabarau, daga nesa an san daga inda ya fito. Za su nemi kati, naka ya mutu. Za su nemi takardar izinin ciniki, ba ka da ita a wurin. In suka jefa ka a mota, ba za su tambaya ko wace ce yarinyar da ke riƙe da madubi ba. Ka ji labarin waɗanda aka kwashe: ana tsare su ne har a sami jirgi, kuma ba lalle ya zama naku ba. Rakiya za ta shiga teku da yarinya ita kaɗai, ko ta zauna nan tana bin ofis-ofis ba kati. Duk agogon da ke cikin jakar nan bai kai wannan ba.

Mutuwar katinka ma da hannuna a ciki. An haife ku a nan, amma ban taɓa bin hanyar da za ta zaunar da ku ba, don kowace shekara ina cewa baɗi za mu koma gida. Abin da na samu na tura aka gina ɗakuna a ƙauye, ba wanda ya taɓa kwana ciki sai awakin ƙanena. Yanzu kai za ka buɗe su, ni kuma da na gina ba zan iya hawa jirgi ba. Don haka ka kula da takardu fiye da yadda na kula. Tiken jirginku, da takardar haihuwar Fassuma, da tsohon katin, ka naɗe su a leda ka sa a aljihun ciki, a jikinka, ba a jaka ba. Jaka ana ajiye ta, ana mantawa da ita, ana fizge ta. In an tsayar da ku kada ka gudu, kada ka ɗaga murya. Ka nuna tiken, ka ce kuna kan tafiya, yarinya kuka kawo ta yi ban kwana da garinsu. Ka rubuta sunanta da naka da kwatancen gidanku na unguwar Nzeng-Ayong a 'yar takarda, Rakiya ta maƙala mata a cikin riga. Ku nuna mata wuri ɗaya tun da shigarku, ku ce in ta ɓace ta tsaya nan kada ta motsa.

Na yi tunanin in ce ku fasa zuwa gaba ɗaya. Haruna ma ya ce zama a gida ya fi a irin wannan lokaci. Amma ni na san abin da "wata rana" take zama. Inda za ku babu manej, babu teku. Ran da Rakiya ta kawo mini Fassuma gaisuwa, na ce amarya, za ki tafi da ni in hau doki? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, rabi da Hausa rabi da Faransanci, "Kai tsoho ne, za ka faɗo, in rasa miji. Ka zauna, zan hau sau biyu, ɗaya naka." Uwarta ta ce ta yi shiru, ni kuwa na yi dariya har tari ya sarƙe ni. To ka bar ta ta hau sau biyun. Ku je da wuri, ku shiga kai tsaye, kada ka tsaya a ƙofa ko da gaisawa da wani ɗan kasuwa. Ku fito kafin la'asar. In ta ce ka hau tare da ita, ka hau, kada ka ji kunyar girmanka.

Kayan kuwa ka kawo mini su. Na sa an janye akwatina, akwai wuri a ƙarƙashin gado. Ƙafa ba ta kai ni kasuwa, amma ina iya zama a bakin ƙofa, unguwar nan kuma ba a rasa masu wucewa. Ni katina yana da rai, ba wanda zai damu da tsoho da tire. Abin da ya fita zan ba Haruna ya aika maka ta hannun masu zuwa gida. Wannan kaɗai ne aikin da na iya, ka bar ni in yi maka shi sau ɗaya a inda ya dace.

Ban rubuta don ka ce ka yafe ba. In ka yafe, Allah ya saka maka. In da saura, ba zan ga laifinka ba. Ka gaida Rakiya, ka ce na gode da kunun da take aiko mini. In kun isa ka gaida yayarka da ta riga ku komawa gida, ka karanta mata abin da ya shafe ta a nan. Allah ya kai ku filin lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ya kwantar muku da teku, ya sauke ku cikin mutanen da za su karɓe ku, ya sa ƙasar ta karɓi yarinyar nan. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ɗa mai yi maka abin da ka yi mini na ladabi. Amin.

Ni ne mahaifinka.

Ƙari, bayan la'asar. An sauko daga Juma'a tun ɗazu, waɗanda suka je daga gidan nan duk sun dawo sun ci abinci. Na sa kujera a bakin ƙofa na zauna har inuwa ta bar wurin. Ba ka zo ba. Maƙwabcina ya ce an tare hanyar Nzeng-Ayong tun azahar ana sauke mutane daga taksi ana duba kati. Haruna zai biyo da magariba, zan ba shi wannan ya kai maka gida, na kuma ce kada ya baro ƙofarka sai da kayan a bayan motarsa. Ban san abin da ya tsare ka ba. Ina roƙon Allah ya sa fushi ne ya hana ka zuwa, ba masu kaki ba.